Yadda Ake Binciken Ma'ana da Tarihin Fitowar Waƙa, da Misalin "Heart Attack" ta Demi Lovato

Wanda ya yi niyyar rubuta bayani a kan wata waƙar ƙasashen waje domin masu karatun Hausa yana da aiki biyu a gabansa, wato ya faɗi abin da waƙar take nufi, ya kuma faɗi yadda aka yi ta fito. Marubuta da yawa suna raba ayyukan nan gida biyu, su jero kwanakin wata a sama, sannan su zuba fassarar baitoci a ƙasa, kamar babu abin da ya haɗa su. A ganina hakan yana tauye waƙar, domin abin da take nufi ga masu saurare yana sauyawa gwargwadon lokacin da ta fito, da bakin da ta fito daga ciki, da abin da ya sami mai ita daga baya. Zan nuna yadda ake haɗa ayyukan biyu ta hanyar bin waƙa guda ɗaya daga farko har ƙarshe, ita ce "Heart Attack", wato bugun zuciya, ta mawaƙiyar Amurka Demi Lovato, wadda ta fito a 2013, kuma jigonta shi ne tsoron faɗawa cikin soyayya.

Kafin komai, ka tabbatar da waƙar da kake magana a kanta, domin suna kaɗai ba ya wadatarwa. Trey Songz yana da waƙa mai wannan suna da ta fito a 2012, Enrique Iglesias ma ya fitar da tasa a 2013, shekarar da ta Lovato ta fito. Saboda haka ka rubuta sunan waƙar tare da sunan mai rerawa, da shekara, da kamfanin da ya fitar da ita, ka riƙa duba su a duk shafin da ka buɗe. Kamfanin da ya fitar da wadda muke magana a kanta shi ne Hollywood Records, mallakar Disney.

Daga nan sai ka koma ga sauraro, kuma ina ba da shawarar ka yi shi kafin ka karanta ra'ayin kowa. Ka saurari waƙar sau da dama ba tare da kallon bidiyonta ba, sannan ka nemo rubutattun baitocinta daga wurin da kamfanin ya amince da shi, kamar manhajojin sauraren waƙa ko tashar mawaƙiyar a YouTube, domin shafukan da jama'a ke cikawa da kansu suna yawan ɗauke da kurakurai. Ka ɗauki takarda ka raba waƙar gida-gida: baiti na farko, ƴan layukan da ke share wa amshi hanya, amshin kansa, baiti na biyu, da kuma ɗan baitin da ke zuwa dab da ƙarshe wanda karinsa ya sha bamban da sauran. A gaban kowane gida ka amsa tambayoyi uku da kalmominka: wa ke magana, da wa ake magana, kuma mene ne ya canja tsakanin wannan gida da wanda ya gabace shi.

Idan ka yi wa "Heart Attack" haka, za ka ga mai maganar mace ce da ta saba samun abin da take so a wurin samari ba tare da ta sha wahala ba. Tana faɗi da bakinta cewa idan ba ta damu da mutum ba, juya shi take yi yadda ta ga dama kamar abin wasan yara, ba ta ma ɓata lokacinta wajen gyara jiki dominsa. Amma da wannan mutum guda ya shigo rayuwarta sai al'amari ya juye, ta sami kanta tana son yin ƙunshin farce da sa turare da takalmi mai tsini saboda shi, idan kuma ya matso kusa sai jikinta ya mutu, bakinta ya kasa furta abin da take so, har riƙe hannunsa ma ya gagare ta. Amshin yana maimaita matakin da ta ɗauka, wato ta kafa wa kanta katanga, tana ɓoye hasken da yake sa fuskarta ta yi, domin tana ganin ranar da ta yarda ta faɗa soyayya, zuciyarta za ta buga. A ɗan baitin ƙarshe kuwa tana kwatanta kanta da wanda ya tashi sama har ya kusanci rana ya kama da wuta, kuma wannan ishara ce ga tatsuniyar Girkawa ta Ikarus, saurayin da aka haɗa masa fukafukai da kakin zuma, ya ƙi jin gargaɗin mahaifinsa, ya yi sama har kakin ya narke ya faɗo teku.

A wannan mataki ne marubuci Bahaushe ya fi buƙatar taka tsantsan, kuma zan ɗan tsaya a kansa. Mu mun saba da waƙoƙi da labaran da budurwa ke ɓoye son da take yi, ta sunkuyar da kai, ta ƙi amsa magana, kuma mun san abin da ke sa ta yin haka kunya ce da kawaici da kiyaye mutunci a idon iyaye da dangi. Yana da sauƙi ƙwarai a ɗauki wannan fahimta a ɗora wa waƙar Lovato, a ce ai kunya ce ta hana ta furtawa. Baitocin ba su goyi bayan haka ba. Babu iyaye a cikinsu, babu dangi, babu maganar abin da mutane za su ce. Matar da ke magana ba mai kunyar maza ba ce, tunda da bakinta ta ce tana wasa da hankalinsu. Abin da take tsoro shi ne ragamar kanta ta kuɓuce mata, ta zama ita ce mai rauni a cikin alaƙar bayan ta saba zama mai ƙarfi, sannan a cutar da ita. Idan ka rubuta cewa kunya ce, ka ba masu karatu wata waƙa dabam wadda ba a rera ba. Ya halatta ka kwatanta al'adun biyu, har ma yana da amfani, matuƙar ka bayyana inda suka rabu.

Kada ka tsaya a kalmomi, domin kiɗa da murya su ma suna ɗauke da ma'ana. Ka lura da inda kiɗan ya lafa da inda ya tashi, da inda muryar ta yi ƙasa da inda ta ɗaga. A wannan waƙa baitocin suna tafiya da sauri a kan kaɗa jita mai sauƙi, kamar mai maganar tana nuna cewa komai yana hannunta, amma da an zo amshi sai ganguna da na'urorin kiɗa su cika wuri, muryar ta hau can sama tana jan kalma guda. Ni ina jin saɓani a nan tsakanin abin da ake faɗa da yadda ake faɗarsa: baki yana cewa na rufe ƙofa, murya kuwa tana nuna cewa abin ya riga ya fi ƙarfinta. Wannan fahimtata ce, kuma idan ka kawo irinta a rubutunka, ka nuna a sarari cewa taka ce, kada ka jingina ta ga mawaƙiyar.

Bayan ka gama da abin da waƙar ta faɗa, sai ka nemi waɗanda suka rubuta ta. Wannan ne matakin da ake yawan tsallakewa, alhali shi ne yake hana mutum yin kuskure mafi girma, wato ɗaukar kowace waƙa a matsayin tarihin rayuwar mai rera ta. A harkar pop ta Amurka waƙa takan bi ta hannun mutane da yawa kafin ta isa situdiyo. Ana samun sunayen marubuta a jikin kundin waƙoƙin, da cikin manhajojin sauraro a sashen da ke nuna waɗanda suka yi aikin, da kuma rumbun bayanan ƙungiyoyin da ke karɓar wa marubuta haƙƙinsu, irin su ASCAP da BMI, waɗanda kowa zai iya bincikawa kyauta a intanet. A "Heart Attack" mutum shida ne aka rubuta: Mitch Allan, Jason Evigan, Sean Douglas, Aaron Phillips, Nikki Williams da Lovato kanta. Allan da Evigan su ne kuma suka haɗa kiɗan, a ƙarƙashin sunan da suke aiki da shi tare, The Suspex. Nikki Williams, wadda ita ma mawaƙiya ce, ta bayyana cewa an rubuta waƙar tun kusan shekara biyu kafin ta fito, kuma da farko domin ita aka yi ta. Da zarar ka san wannan, ba za ka sake rubuta cewa Lovato ta zauna ta tsara waƙar a kan wani saurayinta ba. Abin da za ka iya cewa shi ne ta sami waƙar da ta dace da halin da take ciki, ta sa hannu a rubutunta, ta rera ta.

Halin da take ciki kuwa yana cikin abin da ya kamata ka bincika, amma iya gwargwadon abin da ya shafi waƙar. An haifi Lovato a watan Agusta na 1992, saboda haka shekarunta 20 lokacin da waƙar ta fito. Ta yi suna tun tana yarinya a shirye-shiryen Disney, ta shiga cibiyar kula da lafiya a ƙarshen 2010, ta fito a farkon 2011, a shekarar ne kuma ta fitar da kundinta na uku. A 2012 da 2013 tana cikin alƙalan gasar waƙa ta The X Factor a talabijin ɗin Amurka. Akwai wani abu da zai ƙara wa bayaninka armashi idan ka duba waƙoƙin da suka gabaci wadda kake nazari: a farkon 2012 ta fitar da "Give Your Heart a Break", inda ita ce take lallashin wani mutum da ke tsoron soyayya, tana ba shi tabbacin ba za ta cutar da shi ba. Shekara guda bayan haka sai ga ta a ɗaya ɓangaren, ita ce mai tsoron. Masu saurarenta na lokacin sun ji waƙoƙin biyu kusa da juna, kuma wanda bai san da ta farkon ba zai rasa wani ɓangare na yadda aka karɓi ta biyun.

Yanzu sai maganar kwanan wata, wadda take da sarƙaƙiya fiye da yadda ake zato. Waƙa ɗaya takan sami ranar da aka sanar da zuwanta, da ranar da aka fara jin ta, da ranar da aka sa ta a kasuwa, da ranar da aka aika ta gidajen rediyo, da ranar da bidiyonta ya fito, da ranar da kundin da ke ɗauke da ita ya fito, kuma duk waɗannan ana iya kiran su ranar fitowa. Idan ka ga shafuka biyu sun saɓa, sau da yawa ba ƙarya ɗayansu ya yi ba, abubuwa biyu dabam suke ƙirgawa, ko kuma bambancin agogo tsakanin ƙasashe ne ya raba su da kwana ɗaya. An fara sanar da cewa "Heart Attack" za ta fito a farkon Maris na 2013, amma sai ta fito tun a ƙarshen Fabrairu. Bidiyonta, wanda Chris Applebaum ya ba da umarni, ya biyo baya a watan Afrilu, kuma a cikinsa ana ganin mawaƙiyar da hannaye shafe da baƙin fenti. Ita ce waƙar da ta share fage ga kundinta na huɗu mai suna Demi, wanda ya fito a wasu ƙasashe ranar 10 ga Mayu, a Amurka kuma ranar 14 ga Mayu. Dalilin wannan tazara shi ne a wancan zamani kowace ƙasa tana da ranar da ta ware domin sakin sababbin kundaye: Amurka ranar Talata, Birtaniya ranar Litinin, Jamus da Ostireliya ranar Juma'a. Sai a ranar 10 ga Yuli, 2015 aka haɗu a kan Juma'a a ƙasashen duniya da dama. Don haka duk waƙar da ta girmi 2015, ka ambaci ƙasar da kake nufi tare da kwanan watan.

Hanyar tabbatar da irin waɗannan kwanaki ita ce komawa ga abin da aka rubuta a lokacin da abin ya faru. Rahoton da mujallar Billboard ta buga a makon da waƙar ta fito ya fi abin da wani ya tuno bayan shekara goma ƙarfi. Idan shafin ya ɓace, ka gwada Wayback Machine na Internet Archive, wanda ke adana tsofaffin shafuka yadda suke a ranar da aka ɗauke su. Shafukan tattara bayanan waƙoƙi na Discogs da MusicBrainz suna da amfani wajen ganin siffofin da waƙa ta fito a cikinsu a ƙasashe daban-daban, sai dai masu sa kai ne ke cika su, saboda haka ka gwada abin da suka ce da wata majiyar. Wikipedia wurin farawa ce, kuma abin da ya fi amfani a cikinta shi ne hanyoyin da ke kai ka ga rahotannin asali.

Game da karɓuwar waƙa, ka bar kalmomi irin su "ta girgiza duniya", ka kawo abin da za a iya aunawa. "Heart Attack" ta shiga jadawalin Billboard Hot 100, wato jerin waƙoƙi ɗari da suka fi tashe a Amurka a kowane mako, a matsayi na 12, bayan an sayi kwafi 215,000 ta intanet a makonta na farko, daga baya ta kai matsayi na 10. A Birtaniya ta kai na 3. Kundin kuwa ya shiga jadawalin kundaye na Amurka, Billboard 200, a matsayi na 3. Sai dai lamba ba ta da amfani ga mai karatu idan bai san yadda aka same ta ba, don haka ka yi masa bayani a taƙaice cewa Hot 100, wanda aka fara a 1958, yana haɗa ciniki da yawan sakawa a rediyo da sauraro ta intanet, kuma a watan Fabrairu na 2013 ne aka fara ƙirga kallon YouTube a cikinsa, wato a watan da waƙar ta fito. Ka kuma kiyaye cewa kwanan watan da ke jikin jadawalin yana gaba da ranar da aka sanar da shi da wasu kwanaki. A 2013 yawancin mutane sayen waƙa suke yi su sauke ta a wayoyinsu, yau kuwa sauraro kai tsaye ya mamaye kasuwa, don haka kwatanta alƙaluman zamanin biyu ba tare da faɗin wannan bambanci ba yana ɓatar da mai karatu.

Mataki na gaba shi ne wanda ya sa na zaɓi wannan waƙa, wato bin sawun abin da ya faru bayan ta gama tashenta. A watan Yuli na 2018 aka kai Lovato asibiti a Los Angeles rai a hannun Allah, bayan ta sha ƙwaya fiye da ƙima. A cikin shirin tarihin rayuwarta da aka nuna a YouTube a watan Maris na 2021, ta bayyana cewa a wannan lokaci jini ya toshe a ƙwaƙwalwarta har sau uku, kuma zuciyarta ta buga. Abin da ya kasance kambamawa a bakin mai shekara 20 ya zama abin da ya same ta a zahiri bayan shekara biyar. Ranar 24 ga Maris, 2023, domin cikar waƙar shekara goma, ta sake rera ta da salon rok, da jita mai ƙara da ganguna masu nauyi, a ƙarƙashin kamfanin Island Records, kuma wannan sabuwar siga ta shiga kundin Revamped da ya fito ranar 15 ga Satumba na shekarar. Sannan a ƙarshen Janairu na 2024 ta rera waƙar a New York, a wani taron da Ƙungiyar Kula da Lafiyar Zuciya ta Amurka ta shirya domin wayar da kan mata a kan cututtukan zuciya, abin da ya jawo muhawara a kafafen sada zumunta, wasu suna ganin bai dace ba, wasu kuma suna tunatar da cewa ita kanta ta tsallake wannan siraɗi.

Yadda za ka sarrafa wannan bayani shi ne gwajin gaskiyarka a matsayin marubuci. Akwai jan hankali mai ƙarfi na a ce waƙar ta yi hasashen abin da zai faru, ko a koma a karanta baitocin 2013 kamar suna magana a kan rashin lafiyar 2018. Kada ka yi haka, domin waɗanda suka rubuta ta a kan soyayya suka rubuta ta, kuma babu wanda ya san gaibu sai Allah. Amma kada kuma ka ɓoye abin da ya faru, tunda wanda ya saurari sigar 2023 yana sauraren mace mai shekara 30 da ta san ainihin abin da sunan waƙar yake nufi a gadon asibiti, kuma ba zai ji ta yadda aka ji ta a farko ba. Mafita ita ce ka ɗora wa kowace ma'ana shekararta, ka ce a 2013 ga abin da waƙar take faɗa, daga 2021 kuma ga abin da masu saurare suka fara ji a cikinta, da dalilin da ya sa. Ka kuma taƙaita maganar rashin lafiyarta ga abin da ita ta bayyana da bakinta a bainar jama'a, ka bar jita-jitar da shafukan tsegumi ke yaɗawa, domin mutum ce mai rai da iyali.

Idan ka zo rubutawa, ka fara da gabatar da waƙar a jimla biyu ko uku, mai ita da shekara da jigo, sannan ka ba da ma'anar baitoci, ka bi da waɗanda suka rubuta ta, da fitowarta, da abin da ya biyo baya, bisa jerin lokaci. A kowace jimla ka bari mai karatu ya gane daga ina maganar ta fito: idan daga baitoci ne ka ce waƙar tana cewa, idan daga hira ne ka ce wance ta bayyana, ka faɗi shekarar, idan kuma ra'ayinka ne ka ce a ganina. Kada ka kwafe baitocin gaba ɗaya ko ka fassara su layi bayan layi ka wallafa, saboda suna ƙarƙashin haƙƙin mallaka, kuma fassarar kalma da kalma daga Turanci takan kashe ma'ana. Ka zayyana abin da kowane baiti yake nufi da Hausarka, yadda aka yi a sama. Kafin ka wallafa, ka sake bin kowane suna da kowace lamba da kowane kwanan wata ɗaya bayan ɗaya, ka gwada su da majiyar da ka samo su, ka cire wanda ka samu a shafi guda kaɗai wanda bai faɗi inda ya samo shi ba. A ƙasan rubutun ka sa ranar da ka yi binciken, domin alƙaluman sauraro da lambobin yabon ciniki suna ƙaruwa, kuma mawaƙiyar tana iya sake fitar da wata sigar nan gaba.